Kafin Ka Hau Dandali: Shawara ga Sabon Mawaƙi

A ƴan shekarun nan, da wuya ka shiga wani gari a ƙasar Gobir, tun daga Gidan Sori har Tibiri da Cadakori da Gidan Rumji, ba ka tarar da saurayi ko budurwa mai waƙar kansa a cikin salula ba. Wani a ɗakinsa ya rera ya naɗa. Wani kuɗin wakensa ya haɗa ya shiga mota zuwa Maraɗi, aka ɗora masa kiɗan kwamfuta. Wannan abin farin ciki ne, don kuwa garin da matasansa ke waƙa gari ne mai rai. Sai dai da yawa cikin waƙoƙin nan ba sa daɗewa a kunnen jama'a. Ana jin su yau, gobe an manta. Ga kuma waƙoƙin Ibrahim Narambaɗa, wanda ya bar duniya fiye da shekara 50, har yanzu tsofaffi na rera su a gindin bishiya, jikokinsu na tambayar ma'anarsu.

Ƙanena, da ke ƙanwata, bambancin ba a zaƙin murya yake ba, ba kuma a tsadar na'ura ba. Waƙa aiki uku ce: a tsara ta, a rubuta ta, a rera ta. Alƙalin duka ukun kuwa kunne ne. Duk matakin da za ka taka, ka riƙa tambayar kanka yadda abin zai faɗa a kunnen mutumin da ba shi da takarda a hannu, wanda sau ɗaya tak zai ji ka. A kan wannan shawarwarin nan suka ginu.

Fara da sauraro

Babu mawaƙin da ya faɗo daga sama. Kafin ka tsara ɗango ɗaya, ka zama mai sauraro na gaske. Zaɓi waƙa guda ta wani gwani, ka saurare ta sau uku, kowane da abin da kake nema. Na farko ka bi kalmomin. Na biyu ka bar kalmomin ka bi kiɗan kawai. Na uku ka lura da inda mawaƙin yake tsayawa ya ja numfashi, da inda yake sakar wa ƴan amshi fili.

Kowane gwani da darasinsa. Wurin Narambaɗa, makaɗin kotson Sarkin Gobir na Isa, za ka koyi yadda ake gina magana mai nauyi a dawo da ita kan gindin waƙa ba tare da an ji tsalle ba. Wurin Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, za ka ji yadda jagora da yaransa ke miƙa wa juna zance kamar baki ɗaya ne. Mamman Shata, da ya rasu a 1999, zai nuna maka ƙarfin gajeren ɗango da maimaici a kan kalangu. Ɗan Maraya Jos, shi kaɗai da kuntiginsa, zai nuna maka cewa talaka da sana'arsa sun isa a yi musu waƙa. Barmani Coge da ƙwaryarta ta amada za ta koya miki, ƙanwata, yadda ake magana da mata a kan abin da ya shafe su kai tsaye. A nan gida Nijar kuma, ga Mahaman Gawo Filinge, ga Sagalo na fagen kokowa.

Kada kuma ka raina makarantar da ke ƙofar gidanku. Matan da ke daka suna luguden taɓarya, ƴan mata a dandalin gaɗa, mai gangar noma a wurin gayya, almajirai masu rera Ishiriniya a daren Mauludi, makaɗan fadar Sarkin Gobir a Tibiri ranar hawan salla, duk malamanka ne. A kokowar takobi da aka fara a 1975, wadda Kantu na Maraɗi ya fara ɗauka, ƴan kokowa suna zuba kirari a fage. Ka tsaya ka ji yadda ɗan kokowa ke jera kalmomi a numfashi ɗaya, ya ɗaga murya ya sauke ta. Wannan shi ma fanni ne na sarrafa harshe.

Kafa turke ɗaya

Masana waƙar baka, irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau, suna kiran babban saƙon waƙa turke. Masu nazarin rubutacciyar waƙa kuma suna ce masa jigo. Kuskuren da ya fi yawa ga sabon hannu shi ne ya so faɗin komai a waƙa ɗaya: ya fara da soyayya, ya faɗa siyasa, ya yabi maigidansa, ya ƙare da habaici ga maƙiya. Mai sauraro zai tashi bai riƙe komai ba.

Ga gwaji mai sauƙi. Kafin ka fara, ka faɗa wa abokinka abin da waƙar za ta ce a jimla ɗaya. In ka kasa, ba ka shirya ba tukuna.

Abin waƙa kuwa yana kewaye da kai. Manomin da ya yi shuka ruwa ya ɗauke. Tsadar taki. Saurayin da ya tafi ci-rani Agadas ko Legas ya bar amarya da tsohuwa. Ƴan uwanmu da rashin tsaro ya koro daga Sakkwato da Zamfara da Katsina tun 2019, da mutanen wannan yanki da suka raba hatsinsu da su. Yarinyar da aka cire daga lakwal tana son karatu. Begen Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Abin da ka gani da idonka zai fi fitowa da ƙarfi a bakinka fiye da abin da ka aro daga fim.

Harshenka ma kada ka ji kunyarsa. Wasu yaranmu da sun riƙe makirufo sai su watsar da Gobiranci su koma kwaikwayon Kananci, wai shi ne wayewa. Narambaɗa da Ɗanƙwairo da karin harshen yankinsu suka yi waƙa, kuma har Kano da Zariya aka durƙusa musu. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Nemi kari da gindi tun da fari

Kada ka zauna ka cika shafi da kalmomi sannan ka tafi neman muryar da za ka ɗora musu. Karin murya ake fara samu. Ka riƙa gunguni a hanyar gona, ko kana kan amalanke, har wani kari ya zauna maka. Da ya zo, ka naɗe shi a salula nan take, ko da babu kalma ko ɗaya a ciki, don kari yana da saurin gudu.

Daga nan sai gindin waƙa, wato amshin da za a riƙa komawa gare shi bayan kowane ɗa, wato baitin waƙar baka. Gindi ya zama gajere, mai ɗauke da turken waƙar, mai daɗin faɗa. Ka rera shi sau biyu ko uku a gaban yaran gidanku, ka tashi ka bar su. In da yamma ka ji wani yaro yana rera shi shi kaɗai, ka samu gindi. In ba ka ji ba, ka sake nema. Sai gindi ya tsaya sannan a fara haifar ɗiyan waƙa, kowane ɗa ya kawo sabon abu guda, ya dawo gida.

Auna gaɓoɓinka

Nan ne waƙoƙi da yawa ke karyewa, nan ne kuma ya kamata mu ɗan daɗe. Gaɓar Hausa iri biyu ce: mai nauyi da marar nauyi. Marar nauyi ita ce baƙi da gajeren wasali, kamar gi a cikin gida. Mai nauyi ita ce wadda wasalinta ke da ja, kamar ge a cikin gero, ko wadda baƙi ya rufe ta, kamar gul a cikin gulbi. Awon waƙa ba komai ba ne illa jera waɗannan gaɓoɓi bisa tsari ɗaya, ɗango bayan ɗango.

Bari in ba ka misali da ɗangwaye biyu da na tsara don wannan darasi:

Ruwa ya zubo, mun fito gonaki,
Da yaro da tsoho da ƙarfin jiki.

Ka karanta su da ƙarfi kana buga cinyarka. Za ka ji tafiyar tana cewa gajere, dogo, dogo, sau uku, sannan gajere, dogo. Ru-wa-ya, zu-bo-mun, fi-to-go, na-ki. Ɗango na biyu ma haka: da-ya-ro, da-tso-ho, da-ƙar-fin, ji-ki. Malaman arulli suna kiran wannan awo Mutaƙarab, ɗaya daga cikin karuruwan da marubuta waƙar Hausa suka gada daga Larabci, tare da irin su Kamil da Basiɗ da Ramal da Mutadarak.

Yanzu ka cire mun fito ka sa mun tafi. Ma'ana ba ta lalace ba, yawan gaɓoɓi ma bai sauya ba, goma sha ɗaya ne nan da can. Amma ka rera ka ji: ɗangon ya yi ɗingishi, domin inda ake jiran gaɓa mai nauyi an samu marar nauyi. Dole mai rerawa ya ja wasalin da ba a jan sa, sai kalmar ta fito baƙuwa. Ba lalle ne ka haddace sunayen karuruwa ba. Yawancin makaɗanmu na gargajiya ba su karance su ba, ganga ce ke riƙe musu awo. Abin da ake so shi ne kunnenka ya saba jin ɗingishi, ka gyara shi kafin jama'a su ji.

Akwai kuma hawa da saukar murya. Hausa harshe ne mai karin sauti. Kukan da yaro ke yi da kukar da ake miya da ganyenta, saukar murya a gaɓar ƙarshe ce ta raba su. In karin waƙarka ya hau a inda kalma ke sauka, mai sauraro zai iya jin abin da ba ka nufa ba. Wannan matsala ta fi samun masu ɗora kalmomin Hausa a kan karin waƙar Indiya ko ta Turawa. Maganinta shi ne ka faɗi ɗangon da bakin magana, sannan ka rera shi. In su biyun suna tafiya hanya ɗaya, madalla. In suna jayayya, ka sauya kalmar.

Amsa-amo bawa ne, ba ubangida ba

A rubutacciyar waƙa, ka tsai da siffar baitinka tun daga farko: ƙwar biyu, ƙwar uku, ƙwar huɗu ko ƙwar biyar. A ƙwar biyar, alal misali, ɗangwaye huɗu na farko sukan ƙare da amo ɗaya da ke sauyawa daga baiti zuwa baiti, wato ƙaramin amsa-amo, na biyar kuma ya ƙare da babban amsa-amon da zai ratsa waƙar har ƙarshe. Sabon hannu ya fara da ƙwar biyu, ya zaɓi amon da kalmominsa ke da yawa, kamar -ya ko -wa ko -ra.

Abin gudu shi ne amsa-amo ya ja ka zuwa faɗin abin da ba shi da ma'ana. Sau da yawa za ka ji mawaƙi ya cusa kalmar da ba ta da alaƙa da zancen, don kawai ta ƙare da amon da yake so. Jama'a suna ganewa. In amo ya ƙi, ka juya jimlar, ko ka rushe baitin ka sake gini. Ka karanta Sa'adu Zungur da Mu'azu Haɗeja da Aƙilu Aliyu, ka ga yadda amo ke zuwa musu a ƙarshen ɗango kamar da ma can kalmar da zancen ke buƙata ke nan.

Rubuta don kada ta ɓace

Aliyu Namangi na Zariya makaho ne, a ka ya tsara Imfiraji, amma da ba a rubuta ta an buga ba, da ba ta kai inda ta kai ba. Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta rubuta waƙoƙinta, sannan jajojinta, wato matan da ta koyar, suka haddace su suka kai wa mata a ƙauyuka da baki. Takarda tana adanawa, baki yana isarwa. Kowane da aikinsa.

Saboda haka ka ware littafi guda, ko da kayen nan ne na ƴan lakwal, kada ka rubuta komai a ciki sai waƙa. Boko ko ajami, wanda hannunka ya fi sabawa da shi. In boko ne, ka kula da haruffa masu ƙugiya, wato ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, kuma ka bar rubuta Hausa da ƙa'idar Faransanci, inda ake sa ou a maimakon u, ko tch a maimakon c. Kowane ɗango a layinsa, a bar fili tsakanin baiti da baiti. A ƙasan kowace waƙa ka sa sunanka da garinku da ranar da ka gama ta. Salula tana faɗawa ruwa, ana sace ta, katinta yana lalacewa. Littafin da aka ajiye a akwati yakan kai ga jikoki. Tun da kundin sake gina ƙasa na 2025 ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa a Nijar, buƙatar rubutattun waƙoƙi masu tsabta, waɗanda za a iya karantar da yara da su, sai ƙaruwa za ta yi.

Da ka gama rubutu, kada ka yi gaggawar fitarwa. Ka ajiye waƙar ta kwana biyu, ka dawo mata da sabon kunne. Gyaran waƙa kamar sheƙar hatsi yake: sai an ɗaga an zuba a iska sannan ƙaiƙayi ke rabuwa da tsaba. Duk baitin da za a cire waƙar ba ta rasa komai ba, ƙaiƙayi ne, ko da kana son sa. Sannan ka rera ta ga mutum biyu: dattijon da ya san harshe, da abokin da ba ya jin nauyin gaya maka gaskiya.

Ƴan amshi da kiɗa

In waƙarka mai amshi ce, ka nemi mutum biyu ko uku da muryoyinsu suka dace da taka, ku riƙa haɗuwa a kai a kai. Su san inda za su karɓa, da inda za su yi shiru. Ɗan amshin da ya shigo kafin jagora ya sauke ɗango ya ɓata aiki, haka ma wanda ya makara. Ka girmama su, ka raba abin da aka samu da su bisa adalci a gaban kowa. Ƙungiyoyi da yawa ba rashin basira ya watsa su ba, rabon kuɗi ne.

Kiɗa kuma a zaɓe shi bisa turken waƙa. Kotso da taushi na fada ne. Kalangu ya fi dacewa da biki da taron jama'a. Gurmi da kukuma da kuntigi suna barin fili ga kalmomi. Waƙar bege takan tafi da mandiri, ta wa'azi kuma sau da yawa murya kaɗai ta ishe ta. Ko da a kwamfuta za a haɗa maka kiɗa, kai ne za ka rera wa mai haɗawar karinka ya bi ka. Kada ka yarda ya buɗe wani tsohon kiɗa da ya yi wa mutum goma ya ce ka cusa waƙarka a ciki.

Ranar rerawa

Ka haddace waƙar sarai. Mai kallon takarda ba ya kallon jama'a. Ka san wuraren jan numfashi tun a gida, ka ja shi daga ciki, ba daga maƙogwaro ba. Ka fara da muryar da za ka iya ɗagawa daga baya, don wanda ya fara a sama ba shi da wurin zuwa. Ka fitar da ƙarshen kowace kalma, musamman ta ƙarshen ɗango, inda amsa-amo yake. Makirufo kuma ba a cusa shi a baki. Ka ba shi tazarar yatsu uku ko huɗu, in za ka ɗaga murya ka ƙara janye shi.

Muryarka jarinka ce. A lokacin hunturu ka rufe hanci da baki daga ƙura, ka yawaita shan ruwa, ka yi barci isasshe kafin ranar taro. Taba da ƙwaya suna cinye murya, suna cinye mutunci. Duk wanda ya ce maka sai da su ake samun ƙarfin tsayawa gaban jama'a, ba masoyinka ba ne.

In ka tsaya, ka gai da manyan wuri da masu taro, sannan ka shiga aiki. Ka riƙa karanta fuskokin mutane. In ka ga an fara hira, ka taƙaita, ka koma gindi, ka sauka tun ana marmarinka. A wajen yabo, ka yabi mutum da abin da jama'a suka san ya yi. Yabon ƙarya mai yin sa yake fara zubarwa. Zambo kuwa, ka yi nesa da shi. A gari irin Gidan Sori, inda kowa ɗan uwan kowa ne, ɗango ɗaya na cin mutunci yana iya raba zumuncin gidaje biyu shekara da shekaru, kuma abin da ya shiga WhatsApp ba ya dawowa.

Kare gumin goshinka

Kafin ka shiga situdiyo, ku yi magana a fili kan kuɗi da kuma wanda ya mallaki waƙar, a rubuta a gaban shaidu. Ka karɓi kwafinka, ka ajiye shi wuri biyu. A farkon waƙar ko a ƙarshenta ka ambaci sunanka da garinku, kamar yadda magabata ke yi. In waƙoƙinka sun fara yawo, ka nemi yin rajista da BNDA, hukumar kare haƙƙin mawallafa ta Nijar. Kai ma kada ka ɗauki kari ko baitin wani ba da izininsa ba. Ka kai aikinka gidajen rediyon Maraɗi da na karkara, don har gobe rediyo ce ke shiga gona da rugga. Mai son zurfafa ilimin kiɗa ya san akwai cibiyar koyar da kiɗa ta Elhaji Taya a Yamai, akwai kuma gasar Ɗan Gurmu da aka sa wa sunan mawaƙin nan na Tawa.

Amma duk wannan na gaba ne. Aikin wannan mako kaɗan ne: turke ɗaya, gindi ɗaya, baiti biyar masu awo daidai, a rubuce cikin littafinka. Ka rera su a zauren gidanku kafin ka nemi dandali, ka karɓi gyaran da aka yi maka da hannu biyu, sannan ka fara ta biyu. Allah ya buɗa basira, ya sa harshenku ya zama mai haɗa jama'a.